Ado, Daba da Zargina: Waiwaye kan Bijirewar Matasa daga Kano zuwa Garwa da Kolofata, 1950-2015

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake tuna samarin da suka bijire wa manya ta hanyar sutura da aski, da kuma gungun matasan da suka riƙe makami, a yankin da ya tashi daga Kano ya bi ta Maiduguri ya shiga arewacin Kamaru. Hujjar da ta kafa ita ce salon ado yana bin hanyar da haja take bi, shi kuwa tashin hankali yana bin wanda yake ɗaukar nauyinsa, kuma ɗaukar su a matsayin abu guda, kamar yadda manya da hukumomi suka saba, ya zama kuskure mai tsada a garuruwan kan iyaka irin su Kolofata.

1.0 Gabatarwa

Babu zamanin da bai samu samarin da manyansa suka kira marasa kunya ba, kuma abin da ake fara kafa hujja da shi a kansu shi ne abin da suka sa a jiki da yadda suka bar gashin kansu, tun kafin a tambayi abin da suka aikata. A wannan yanki akwai rukuni uku da bakin jama'a yake cakuɗawa, alhali kowanne da asalinsa. Na farko shi ne ɗan gaye ko ɗan ƙwalisa, wato saurayin da bijirewarsa ta tsaya a ado da kiɗa da yawon dare. Na biyu shi ne ɗan daba, wato ɗan gungun samarin unguwa da suke da matattara da shugaba da abokan gaba, suke kuma riƙe da makami. Na uku shi ne zargina, sunan da ake kiran 'yan fashin da suke tare hanya a arewacin Kamaru da kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya.

Masana a Ingila sun daɗe da taɓa wannan batu. Stanley Cohen, a littafinsa na 1972, ya nuna yadda jaridu da alƙalai suka kambama faɗan samari a garuruwan bakin teku a 1964 har ya zama firgicin ƙasa, shi kuwa Dick Hebdige a 1979 ya ɗauki sutura a matsayin magana da matashi yake yi wa masu iko ba tare da ya buɗe baki ba. Ra'ayoyin biyu suna da amfani a nan, sai dai an gina su a kan biranen da matasa suke da albashin masana'anta da za su kashe, ba a kan garuruwan da rayuwar saurayi ta rataya ga ubangida da kasuwar kan iyaka ba.

Kolofata ƙaramin gari ne a gundumar Mayo-Sava ta Jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, kusa da Mora, tsohuwar hedikwatar masarautar Mandara, kuma yawancin mutanensa Barebari ne, tare da Mandarawa da Larabawan Shuwa da mutanen duwatsu. Maiduguri ta fi kusa da shi fiye da Garwa, balle Yawunde, kuma garuruwan Kerawa da Amchide da suke maƙwabtaka da shi rabinsu yana Najeriya ne, domin Amchide a manne take da Banki. Saboda haka ba za a fahimci samarin wannan wuri ba sai an dubi abin da yake faruwa a ɗaya gefen iyakar.

2.0 Silima, tela da kai babu hula

Mafarin sabon ado a biranen yankin shi ne gidan silima. An buɗe Rex a Kano a 1937, sannan Palace a 1951, wanda shi ne na farko a cikin ganuwa, kuma Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008 cewa malamai da iyaye sun lissafa zuwa silima cikin ayyukan iskanci, tare da giya da caca. A biranen arewacin Kamaru, a lokacin akwai gidan silima na Ribadou a Garwa, da na Diamaré a Marwa, kuma finafinan da suka cika su su ne na kaboyi, sannan na Indiya, daga baya kuma na 'yan Sin bayan fitowar Bruce Lee a farkon shekarun 1970. Abin da ya faru a nan bai keɓanta ga yankin ba, domin a Kinshasa ta shekarun 1950 an yi samarin da suka sa wa kansu sunan Buffalo Bill, waɗanda Didier Gondola ya rubuta tarihinsu a 2016, kuma a fim ɗin Jean Rouch na 1958 'yan ci-ranin Nijar a Abidjan suna amsa sunayen taurarin Amurka da Faransa. Wanda ya fi kowa kama lamarin shi ne Moustapha Alassane na Nijar, wanda fim ɗinsa na 1966 ya ba da labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tun a lokacin, ke nan, mai fasaha ya ga tsoron da manya suke yi, wato cewa rigar da aka aro za ta jawo halin mai ita.

Hotunan da aka ɗauka a shagunan masu hoto a shekarun 1970 sun adana kamannin ɗan gayen wancan lokaci, irin waɗanda Malick Sidibé ya shahara da su a Bamako. Ana ganin saurayi cikin riga mai kama jiki da doguwar kwala, maɓallan sama a buɗe, da wando matsattse a cinya mai faɗin ƙafa har yana sharar ƙasa, da takalmi mai tudu, da baƙin tabarau, wani lokaci da rediyo a rungume ko ƙafa ɗaya a kan babur na aro. Amma abin da ya fi ɓata wa manya rai ba ya cikin abin da aka sa, yana cikin abin da aka cire. A wajen Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, namijin da ya balaga yana aske kansa ya sa hula, kuma shiga gaban manya kai babu hula rashin ladabi ne. Tara suma da taje ta har ta yi tozo yana nufin hula ba za ta zauna ba, don haka saurayin ya fitar da kansa daga sahun masu kamala da gangan, a gaban kowa.

Wani abin lura shi ne yawancin wannan ado ba daga Turai aka kawo shi a ɗinke ba. Yadi ne aka saya a kasuwa, wani daga masaƙun Kaduna da Kano, wani daga masaƙar CICAM da ta fara aiki a Garwa a tsakiyar shekarun 1960, aka kai wa telan unguwa, wanda sau da yawa shi ne yake ɗinka wa uban yaron kaftani. Sauran kuwa gwanjo ya cike. Wannan ya sa salo yake tafiya tare da 'yan kasuwa, daga Sabon Gari zuwa Kasuwar Litinin ta Maiduguri, daga can zuwa Banki da Mora, ba tare da ya nemi izinin kowace gwamnati ba. Kuma mafi yawan waɗannan samari ba su taɓa riƙe wuƙa ba. Sun yi aure, sun aske kai, wasunsu yau su ne limamai da masu unguwanni.

3.0 Daba da iyayen gidanta

Labarin daba dabam ne, kuma tushensa ya girmi silima. Binciken Abdulkarim Umar Ɗan-Asabe na 1991 da na Yunusa Zakari Ya'u na 2000 sun danganta ta da farauta da tauri. A lokacin rani samarin unguwanni sukan fita daji ƙungiya-ƙungiya da karnuka da gora da adda da barandami, kuma rigimar da ta tashi a kan nama a daji takan biyo su gida ta zama gaba tsakanin unguwa da unguwa. Ɗan tauri shi ne wanda ya sha maganin ƙarfe, ana cewa wuƙa ba ta kama shi, kuma adonsa shaidar sana'arsa ne: warki, da guru a ƙugu, da kambu a damtse, da layu a wuya, da wuƙaƙen da yake gogawa a ciki da wuya idan makaɗi ya taɓa masa take. Wannan sutura ba ta bijire wa al'ada ba, daga cikinta ta fito, kuma ana ganinta a fili ranar hawan Sallah.

Abin da ya sauya ta shi ne siyasa. Bayan kafa NEPU a 1950 da mayar da NPC jam'iyya a 1951, kowane ɓangare ya buƙaci masu tsaron taro da masu tarwatsa na abokin hamayya, waɗanda aka sani da 'yan banga, kuma a 1953 aka samu gungun da ake kira Jam'iyyar Mahaukata yana far wa 'yan NEPU a Kano. A Jamhuriya ta Biyu, tsakanin 1979 da 1983, gasar PRP da NPN, da rabuwar PRP gida biyu tsakanin santsi da taɓo, sun sake buɗe wannan kasuwa. Da sojoji suka rufe siyasa, aka kuma shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka rage ma'aikata, sai aka bar samari da makami da ƙwarewa amma babu mai biya, kuma a nan ne wiwi da sholisho da ƙwaya suka samu gindin zama. Tsofaffin 'yan daba sukan ce a zamaninsu akwai ƙa'ida, ba a sata a unguwa, ba a taɓa mata da yara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma matan da 'yan ɗaukar amarya suka sace suka yi wa fyaɗe a shekarun 1980 ba za su amince da ita ba, kuma mai bincike bai kamata ya karɓi kirarin da mutum ya yi wa ƙuruciyarsa a matsayin tarihi ba. Irin wannan tsari ya sake bayyana bayan 1999 da sunaye dabam-dabam: Kalare a Gombe, Sara-Suka a Bauchi, ECOMOG a Maiduguri.

4.0 Abin da ya bambanta Garwa

Garwa tana da tsohuwar unguwar Hausawa, da tashar jiragen ruwa a kogin Binuwai, da samari masu son ado kamar na ko'ina, har ta fitar da mawaƙi Ali Baba wanda ya haɗa rawar zamani da kiɗan gida. Amma ba ta samar da bangar jam'iyyu irin ta Kano ba, kuma dalilin a bayyane yake. Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahidjo, ɗan garin, ya haɗe jam'iyyu cikin jam'iyya ɗaya, UNC, a 1966, kuma daga nan har zuwa Disambar 1990 babu abokin hamayyar da zai yi hayar samari. Gwamnati ce ta yi wa matasa ɗinki, ta sa su fareti ranar 11 ga Fabrairu, ranar matasa, a ƙarƙashin reshen matasa na jam'iyya. A karkara kuwa ƙarfin duka yana hannun dogaran lamiɓe, wato sarakunan Fulani, kuma da jam'iyyu suka dawo an ga hakan a Rai Buba, inda wani ɗan majalisa na jam'iyyar hamayya ta UNDP ya rasu a 1996 bayan dukan da dogarai suka yi masa. Zanga-zangar rufe birane ta 1991 ita ce lokacin da samarin Garwa da Marwa suka mamaye titi da yawa, suka ƙi biyan haraji, kuma a sahun gaba akwai masu sayar da man fetur na sumoga da 'yan acaɓa.

5.0 Fetur, babur da zargina

A nan ne labarin ya iso Kolofata da kewayenta, domin abin da jam'iyya ta zame wa saurayin Kano, iyaka ce ta zame wa saurayin Mayo-Sava. Tallafin mai a Najeriya da faɗuwar naira daga 1986 sun sa litar fetur a Banki ta fi ta Marwa araha nesa ba kusa ba, kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, bayan zaftare albashin ma'aikata a 1993, ya rufe sauran ƙofofin. Fetur ɗin da ake shigowa da shi ana kiransa zuwa-zuwa, masu sayar da shi kuma su ne takwarorin 'yan bumburutun Kano. Hotonsa sananne ne ga duk wanda ya bi hanyar Mora: babur an ɗaure masa jarkoki dama da hagu da baya har sai direban ya zauna a kan tanki, fuskarsa a naɗe da ƙyalle saboda ƙura, yana gudu ta hanyar daji domin kauce wa shingen kwastan, sannan a bakin titi a jera man cikin kwalabe a kan tebur. Shigowar baburan China masu araha a farkon shekarun 2000 ta mayar da babur abin da wando mai faɗin ƙafa ya kasance a da, wato alamar saurayin da ya isa, da bambancin cewa shi babur yana ciyar da gida yana kuma tara sadaki. Janet Roitman, a littafinta na 2005, ta nuna cewa waɗannan samari suna ganin aikinsu haramtacce ne a doka amma halattacce a idon jama'a, tun da jami'an da suke kama su su ne suke karɓar rabonsu.

Zargina ta fito daga wannan ƙasa, amma ba ita ce sumoga ba. Saïbou Issa, a littafinsa na 2010, ya nuna cewa fashin hanya tsoho ne a yankin tun kafin Turawa, kuma abin da ya sauya shi shi ne yaƙin Chadi, musamman bayan 1979 da kuma faɗuwar shugaba Hissène Habré a Disambar 1990, lokacin da bindigogi da tsofaffin mayaƙa suka bazu. 'Yan fashin sukan sa kakin soja, su naɗe fuska da rawani sai idanu, wasu su shafa shuɗin wanki, wanda ake cewa daga gare shi sunan ya fito, su tare motocin 'yan kasuwa da masu shanu ranar cin kasuwa. Christian Seignobos ya bayyana a 2011 yadda abin ya koma satar 'ya'yan Mbororo domin karɓar fansa. Suturar zargina ba ta neman a gan ta, ɓoye mai ita take yi, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba ta da ta ɗan gaye. Bayan haka, bincike ya nuna akwai masu ba da labari da masu sayen kaya da masu hayar bindiga a cikin 'yan kasuwa da masu sarauta da masu kaki, waɗanda suke yawo da babbar riga.

Martanin gwamnatin Kamaru ya faɗa ne a kan na ƙasa. A 1998 aka tura rundunar jandarmomi ta musamman zuwa Marwa a ƙarƙashin Kanar Pom, kuma a ƙarshen shekarar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan kashe waɗanda ake zargi ba tare da shari'a ba. A 1999 aka kafa wata bataliya ta musamman wadda ta zama BIR a 2001.

6.0 Sutura a matsayin shaidar laifi

Akwai wani nau'in bijirewa da ba a cika lissafa shi cikin ado ba, wato na addini. Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda asalinsa arewacin Kamaru ne, ya tara gardawa a Kano da suka ƙi agogo da rediyo da keke, kuma rikicin Disambar 1980 ya ci rayuka 4,177 a ƙididdigar hukuma, kafin ya sake ɓarkewa a Bulumkutu a 1982 da Jimeta a 1984. A wani gefen, kuma ba tare da makami ba, samarin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun ɗage wando sun bar gemu sun daina durƙusa wa manya, abin da iyaye da yawa suka ji zafinsa fiye da sumar 'yan disko. Ɗage wando da barin gemu sun zama ruwan dare a tsakanin mutanen da babu ruwansu da tashin hankali, kuma wannan ne ya sa abin da ya biyo baya ya yi muni.

A Yunin 2009 jami'an tsaro a Maiduguri sun harbi mabiyan Muhammad Yusuf da suke rakiyar gawa a kan babura, a rigimar da ta tashi kan dokar hular kwano, kuma a wata mai bi aka yi tawayen da ya haifar da yaƙin Boko Haram. An hana babur a Maiduguri a 2011. Ranar 27 ga Yulin 2014 mayaƙan suka shiga Kolofata, suka far wa gidan mataimakin firaminista Amadou Ali, suka tafi da matarsa da sarkin garin Seini Boukar Lamine, waɗanda aka sako a Oktoba, sannan suka kai hari barikin sojan garin ranar 12 ga Janairun 2015. Rahoton International Crisis Group na 2016 ya nuna cewa dubban 'yan Kamaru sun shiga ƙungiyar daga garuruwan kan iyaka, kuma cikin abubuwan da aka ja su da su akwai babur da jari da alkawarin aure. Ubangida ne sabo ya zo ya samu samarin da suka san kowace hanyar daji.

A gefen Kamaru hukuma ta taƙaita zirga-zirgar babura, an rufe iyaka, kuma a Yulin 2015, bayan harin ƙunar baƙin wake a Fotokol, gwamna Midjiyawa Bakari ya hana sa niƙabi a jihar. Ana iya fahimtar dalilin tsaro a wasu daga cikin matakan, amma sakamakonsu shi ne saurayin da ya rasa sana'ar babur shi ne kuma ake tsarewa a shinge saboda tsawon wandonsa ko gemunsa. A lokaci guda aka kafa kwamitocin sa-ido na sa-kai, takwarorin 'yan ƙato da gora na Maiduguri da suka fito a 2013, kuma na Kolofata yana cikin waɗanda suka yi suna. Makamansu su ne kwari da baka da adda da bindigar toka, da layu a jiki, wato kusan kayan ɗan farautar da a wani birnin ake kira ɗan daba, sai dai a wannan karo da katin shaida daga hukuma. Sun tare masu ɗauke da bama-bamai, da yawansu sun rasa rayukansu, an kuma zargi wasunsu da ƙazafi da karɓar kuɗi. Tarihin bangar Kano bayan 1983 ya isa ya sa a tambayi abin da za su zama ranar da aka daina buƙatarsu.

7.0 Maganar madogara

Yawancin abin da aka rubuta a kan waɗannan samari ya fito ne daga bakin masu tuhumarsu, wato rahoton jandarma da kundin kotu da wa'azi. A Nijar an fara gyara wannan, da littafin Adeline Masquelier na 2019 a kan fada, wato majalisar shayi ta samari, da fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan gungun unguwar Kara-Kara a Damagaram, inda samarin suke magana da kansu. Saurayin da yake da shekara 20 a 1975 yanzu ya kai saba'in, gidajen silima na ƙarshe na wancan zamani a Kamaru sun rufe a 2009, kuma iyalai da yawa na yankin Kolofata sun yi gudun hijira zuwa Mora da Marwa, sun bar akwatuna da hotuna a baya. Ana kira ga sassan tarihi da na harsuna a Jami'ar Marwa da ta Ngaundere da Jami'ar Bayero da su tura ɗalibai su naɗi hira da tsofaffin teloli da wanzamai da masu hoto da direbobin babur, cikin Hausa da Barbarci da Fulatanci, su kuma kwafi hotunan da suka rage a hannun iyalai tare da izinin masu su.